Aurena da Injin Faks

Mata masu bin wannan shafi, sallama gare ku. Na ga yara ne suka cika nan da labaran "ya kalle ni na sunkuyar da kai". To yau babba ce ta zo, ku matsa mini. Sunana Wasila, shekarata hamsin da bakwai, haihuwar Fagge. Ban yi boko ba. Hausar nan ma a ajin yaƙi da jahilci na tsince ta bayan na haifi 'ya'ya huɗu, don haka wadda ta zo farautar kuskuren rubutu ta yi gaba. Ni alƙalanci na zo nema. An cuce ni, kuma ni aka sa na ba da haƙuri.

Shekarata goma sha ɗaya a Dubai. Shagona na Naif, jakunkuna da takalman mata nake sarar wa 'yan Kwari da Sabon Gari. A Al Nahda nake kwana, gidan autana Izzuddeen, injiniya ne a wani kamfanin gine-gine. Babansu ya rasu shekara tara ke nan, kuma a shekara taran nan ban kalli namiji na ƙara kallo ba. Sai da Allah ya kawo Alhaji Abdulganiyyu.

Ɗan Amurka ake ce masa a kasuwa, don shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa tasi a can. Matarsa ta rasu, sanyi ya ishe shi, ya tattaro ya dawo nan ya sayi a-kori-kura biyu, yana kwasar mana kwalaye zuwa wurin 'yan kago masu tura kaya gida a Ras Al Khor. Dogo ne, furfurar gemunsa a gyare, jallabiyarsa ko da yaushe da karin guga duk da aikin kwali. Wata takwas yana ajiye mini shayin karak a kan kanta ba tare da ya ce komai ba. Ranar da na gaji na ce,

"Alhaji, shayin nan sadaka ne ko magana ce?"

Ya ce, "Magana ce, Hajiya. Tsoron bakinki nake."

Na ce, "Ka makara da tsoro, zauna."

Da maganar ta je gida, 'yan matana na Kano suka yi ta turo saƙon murya, wai Umma da jikoki bakwai za ki shiga lalle? Waɗannan ban kula su ba. Izzuddeen ne matsala, don shi ne namijin da nake da shi a ƙasar nan, shi zai ba da ni. Ya zaunar da ni a falo, ya kashe talabijin, ya haɗe hannuwa kamar mai sallamar lebura.

"Umma, ni ba na hana ki aure. Amma mutumin nan da bakinsa ya ce mini hukumar harajin Amurka ta rubuto masa tana neman bayani. Ba zan ba da ke ga wanda ke da magana a wuyansa ba. Ya kawo mini takardar da suka ce sun gama da shi, khalas, shi ke nan, Juma'ar da ta biyo baya a ɗaura."

"Ni kake gindaya wa sharaɗi? Ni da na goya ka?"

"Ba ke ba, Umma. Shi."

Alhaji bai yi fushi ba, cewa ma ya yi yaron ya yi hankali. Ya yi mini bayani: tunda fasfon Amurka yake riƙe da shi, ko a ina yake zaune sai ya riƙa ba su labarin abin da yake samu. Wannan karon shaidar cewa a Dubai yake zaune suke so. Sun ba shi kwana talatin, kuma lambar faks suka sa a wasiƙar. Ƙasa kamar Amurka, wai faks! Ni rabona da jin sunan abin tun zamanin da ake tura wa 'yan kwantena takarda a Apapa.

To a nan Mahfuza ta shigo rayuwata.

Tana da shagon cike takardu, wanda suke cewa taifin, a saman bene kan shagon mai turare, lungu uku daga nawa. 'Yar Kaduna ce, bazawara, ba ta wuce talatin da shida ba, da digirinta. Abaya ruwan toka take sawa mai 'yan duwatsu a bakin hannu, ta naɗa gyale irin na Larabawa, ta ɗora siririn gilashi a karan hanci. In tana magana kamar ana zuba mai a kwalba, ba ƙara. Ita ke cike wa Alhaji takardun, kuma ita ke da faks a duk layin.

Ankul take ce masa. Wane ankul? Ƙanin uwarta ne ko na ubanta?

Da farko na ɗauke kai. Sai na ga shayina ya fara zuwa a huce, don sai ya biya ta sama tukuna. Sai na ga zuwan minti goma ya zama na awa. Wata ranar Laraba ya ajiye wayarsa a kan kantata yana ɗaure kwali, ta yi ƙara. Saƙon Mahfuza ne da Turanci, ban iya ba. Amma hoton jan furen da ke ƙarshensa ba ya buƙatar tafinta.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi in kai mata kwafin takardar haya."

"Da fure ake neman takardar haya?"

"Haka take wa kowa, Hajiya."

"Ni ba ta taɓa turo mini ba."

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Ku yara kuna zaton kishi da jinin al'ada yake tafiya, in ɗaya ya ɗauke ɗayan ma ya ɗauke. Ƙarya ne. Kishin tsufa ya fi ciwo, don kin san ba ki da wata shekara tara da za ki sake jira. In na tuna su biyun a ɗakin nan mai sanyi, kansu a haɗe kan takarda, tana karanta masa abin da ni ko sunansa ban sani ba, sai in ture kwanon tuwo in tashi.

Na ce ba dai inji ba ne? Washegari na shiga tasi zuwa Ras Al Khor, wurin Badaru ɗan Maraɗi mai sayar da tsofaffin kayan ofis a sito. Ya zaƙulo mini wani fari da ya koma ruwan ƙwai don tsufa, duk rubutun jikinsa ya goge. Ya jona, ya yago shafin jarida ya zura, ya tura wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya ɗaga masa hannu daga nesa.

"Kin gani, Hajiya? Ki sa nan, ki buga lamba, ki danna koren nan. Se fini, an gama."

Ku riƙe wannan: jarida ya gwada da ita. Jarida gaba da baya duk rubutu ne.

Na kawo abina shago, na sa aka jona shi da wayar kan tebur, na shimfiɗa masa sabon ɗankwali a ƙasa. Alhaji ya shigo ya tsaya yana kallo.

"Wasila, mene ne wannan?"

"Faks. Daga yau hawan bene ya ƙare, gwiwarka ma ta huta."

"Kin iya?"

"Na iya tura kwantena Kano, takarda ce za ta gagare ni?"

Ya san ni, bai ja ba. Ya ce Mahfuza ta gama cikewa, zai sa ta kawo mini, shi yana da lodi a Ras Al Khor.

Da la'asar sai ga ta, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta durƙusa kaɗan ta gaishe ni, ba zan yi mata ƙarya ba, ta durƙusa. Ta miƙo mini takarda goma sha huɗu a jere, da lambar a rubuce da manyan baƙaƙe. Na karɓa da hannu ɗaya. Na duba shafin farko, ga sunansa nan a sama, wannan kam na iya karantawa: Abdulganiyyu. Kowane shafi da sunan a kansa.

To ku gaya mini, ku da aka haifa a gidan Musulmi. A gidanmu ko takardar ƙunshin ƙosai aka gani da sunan Allah, ɗagawa ake a soke a katanga. Ba a takawa, ba a zama a kai, ba a kifewa. Na daidaita takardun, na yi bisimilla, na zura su fuskarsu na kallon sama, yadda ya kamaci sunan da ke jikinsu.

Mahfuza ta ce, "Hajiya, ai takardar..."

Na ce, "Ban tambaye ki ba, 'yar nan. Nan shagona ne."

Eh, na faɗa. Ba zan ɓoye ba don ku so ni. Amma ku dubi abin da ta yi. Ta kalli injin, ta kalle ni, ta gyara gilashinta, ta ce, "To, Hajiya." Ta fice.

Injin ya yi kukansa, ya haɗiye takardun ɗaya bayan ɗaya ya fito da su, ya tofo 'yar guntuwar shaidar cewa saƙo ya tafi. O da K. Na ninke ta na sa a zif ɗin jakata inda fasfona yake. Don in tabbatar ma, Litinin biyu da suka biyo baya na sake turawa. Sau uku. O da K uku.

Sati ukun nan ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Shayina ya dawo da zafinsa. Na kai ɗinki wurin telan Deira, leshi ruwan zuma, buba da zani, ba irin matsattsun nan naku ba. Na sa 'yar Maiduguri ta haɗa mini humra da turaren tsuguno. Har mai lalle na yi wa magana, na ce ja nake so irin na da, ba zanen fulawa ba. In mun haɗu da Mahfuza a lungu ta gaishe ni, in amsa da fara'a, don ina ganin na gama da ita. Sau biyar muka haɗu, na ƙirga daga baya. Sau biyar, bakinta ƙalau.

Rana ta ashirin da takwas, wajen ƙarfe biyar, Alhaji ya shigo ba sallamar kirki, ba shayi. Hularsa a karkace.

"Na kira masu harajin yanzu. Sun ce ba abin da ya shiga fayil ɗina."

Na zuge zif na baje masa shaidu uku a kan kanta. Ya ɗaga su ya duba, ya ajiye.

"Nuna mini yadda kike sawa."

Na sa. Ya miƙa hannu ya danna wani maɓalli da ban taɓa taɓawa ba, wai na kwafi ne, zai nuna abin da injin ke gani. Takarda ta fito.

Fara fat. Ko ɗigo babu.

"Wasila," ya ce, muryarsa can ƙasa, "bayan takardar kike tura musu. Wannan injin kifewa ake."

"Kifewa?"

"Kifewa. Me ya sa kika sa ta haka?"

"Sunanka ne a jiki. Abdul-Ganiyyu. In kife sunan Allah a cikin ƙarfe?"

Ya zauna a kan kwalin takalma, ya cire hula ya riƙe kansa. Na ga kafaɗunsa na rawa, har yau ban sani ba dariya ce ko kuka. Fararen takardu arba'in da biyu na tura wa Amurka, saura kwana biyu wa'adi ya cika, aurena na rataye a jikinsu.

Kunya ta fara kama ni, sai ta wuce, wani abu ya maye gurbinta. Na tuna "To, Hajiya". Na tuna gilashin da aka gyara.

"Ta sani," na ce.

"Wa?"

"Mai ce maka Ankul ta sani!"

Ban tsaya neman takalmin fita ba, da silifas ɗin shago na hau benen nan. Shagonta cike, 'yan Bangaladash da Sudanawa a layi, da matan Kano biyu masu sabunta biza. Na doki teburinta.

"Munafuka! Kina kallo na sa takarda a juye kika yi shiru!"

Ta miƙe. "Hajiya, na fara faɗa miki, kika ce ba ki tambaye ni ba."

"Bakinki ciwo yake? Sati uku! Ni ba ki faɗa mini ba, shi da kike tura wa fure fa?"

"Wallahi Hajiya akwai injin da sama ake sa masa. Na zaci wanda ya sayar miki ya nuna miki."

"Kin zata! Kin zata wa'adi zai wuce, ɗana ya hana, ki ɗauke shi a ruwan sanyi! In miji kike nema ki je ki nemi sa'anki, ki bar wa tsofaffi nasu!"

Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Wani Basudane na cewa "shwayya, shwayya, ya Hajja", wai in bi a hankali. Matan Kanon nan ɗaya har ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo. Mahfuza ba ta rama ba, hawaye kawai take, irin na masu ilimi, ba majina. Sai na ji an riƙe gefen mayafina. Alhaji ne.

"Sauka, Wasila."

Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na sauka. Shi bai sauko ba.

A ranar Mahfuza ta tura masa takardun da injinta, ta kira masu harajin da Turancinta ta tabbatar sun shiga, ta roƙi in sun gama dubawa su turo amsa ta lambarta. Wannan a bakin matar mai turare na ji, don shi bai faɗa mini ba. Kwana shida ba shayi, wani direba yake turowa ya kwashi kwalayena. Izzuddeen ya ji labari, har bidiyon ya gani. In na shigo falo sai ya tsura wa waya ido. Leshin ya dawo daga tela, na rataye shi a bayan ƙofa cikin ledarsa.

Rana ta bakwai da hantsi saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa talatin da ɗaya. Na saurara ya fi sau ashirin, na haddace.

"Wasila, ina kwana. Abin takarda ban riƙe ki ba, don abin da ya sa kika yi shi ya ƙara miki daraja a wurina. Amma kin tozarta 'yar mutane a wurin neman abincinta. Ɗanki ya sa mini sharaɗi na karɓa, to ga nawa. Ko amsar ta zo, ba zan kai wa Izzuddeen ba sai kin je inda kika zage ta kin ba ta haƙuri, a gaban mutane kamar yadda kika yi. Na bar ki lafiya."

Kun ji? Ta yi shiru sati uku, ba wanda ya ce ta ba ni haƙuri. Ni na yi magana minti biyar, ni ce mai laifi. Wato mai cuta a hankali ita ce 'yar mutane, mai ihu don an taka ta ita ce mahaukaciya.

Na yi kwana biyu ina cewa ba za ni ba. A na uku na farka da asuba na ga ledar leshin nan tana kallona daga bayan ƙofa. Na tambayi kaina, Wasila, girman kanki zai kawo miki shayi? Zai tambaye ki yaya ƙafa in kin dawo daga kasuwa? Na tashi na yi wanka.

Jiya ke nan. Na sa baƙar abayata mai aikin zare, na ɗauko jaka ɗaya daga cikin kaya don kada in je hannu biyu. Mai kyau ce, amma kalar da ta ƙi fita na zaɓa, wata kore kamar miyar kuka. Na hau benen a hankali. Mutum shida ne a layi, sun isa shaida.

"Mahfuza."

Ta ɗago. "Na'am, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Abin da na faɗa miki ranar nan, a nan na faɗa, a nan na zo janyewa. Ki yi haƙuri."

Kowace kalma kamar ana cire mini haƙori. Ta zagayo ta karɓi jakar hannu biyu, ta ce kai, Hajiya, har da wahala, Allah ya bar zumunci, ai ke uwa ce. Uwa. Na haɗiye wannan ma.

Har na juya sai ta ce, "Af, Hajiya. Amsar Ankul ta shigo ɗazu."

Ƙafata ta tsaya da kanta.

"Me suka ce?"

Ta ja durowar teburinta. Na hango ta, shafi ɗaya tak, da tambari a sama da sunansa a ƙasan tambarin. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Ko ta miƙo mini, in ban da sunan ba abin da zan iya karantawa, kuma ta san haka.

"Sirrin mai ita ne, Hajiya. Mun yi da shi hannu da hannu zan ba shi. Na kira shi, yana hanya."

Ta mayar da durowar, ta murɗa mukulli, ta jefa shi a cikin koriyar jakar da na kawo mata.

Na nemi fuskarta in karanta, tunda ita ce kaɗai takardar da zan iya. Ba murna, ba jaje. Ta koma kujerarta ta ce, "Na gaba."

Na ce wa wani ɗan Bangaladash ya matsa, na zauna a bencin masu jira. Shagona a buɗe na baro shi, ban damu ba. Minti arba'in na yi a wurin. A cikin minti arba'in ɗin nan sau biyu ta ciro ɗan madubi ta gyara gyalenta, sau ɗaya ta shafa wani abu a leɓe. Don 'yan Bangaladash take yi?

Sai na ji tarinsa a ƙasan bene. Na ji takunsa, yana hutawa a kowace matakala ta uku saboda gwiwa. Na miƙe. Ita ma ta miƙe.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana mayar da numfashi, sanye da farar jallabiyar da na taɓa ce masa ta fi yi masa kyau. Kwana goma rabon da ya sa ni a ido. Ina tsaye dab da ƙofar, in ya miƙa hannu zai taɓa mayafina. Ita tana can ƙuryar ɗaki bayan tebur.

Ita ya fara kallo.

Na san abin da za ku ce, takarda yake nema. Ku faɗa. Ni ce nake tsaye a wurin.